Katin NVIDIA ya yi shiru bayan an ɗauke wuta ana tsakar sabuntawa

Nafisa T/Wada: Assalamu alaikum. Don Allah a agaza min. Laftof ɗina Ubuntu 22.04 ne a kai da Windows a gefe, katin hotonsa GTX 1650. Daren jiya ina cikin sabunta manhajoji da `sudo apt upgrade` hadari ya taso aka ɗauke wuta. Batirinsa ya daɗe da mutuwa, da caja kawai yake rayuwa, don haka nan take ya ɗauke. Yau da safe ya kunnu, sikirin lafiya lau, amma PyTorch, manhajar koyar da inji da nake aiki da ita, ya daina ganin katin, `torch.cuda.is_available()` False yake ba ni. Da na buga `nvidia-smi` ga abin da ya fito:

`NVIDIA-SMI has failed because it couldn't communicate with the NVIDIA driver.`

Firojet ɗina duk a kansa yake, kuma mako mai zuwa zan gabatar.

Kabiru Mai Gyara: Wa alaikumus salam. Hajiya, kada ki wahalar da kanki. Kwashe fayilolinki a filash, ki sake ɗora Ubuntu sabo fil. Awa ɗaya kin gama.

Malam Bashir: Kabiru, kai komai fomatin. Awa ɗaya Ubuntu kawai za ta ɗora. CUDA fa, mai sa katin yin lissafi? PyTorch fa? Su kaɗai sun haura gigabait biyu, kai za ka saya mata datar? Malama Nafisa, kada ki goge komai, kada ki sauke komai. Wannan saƙon na nvidia-smi bai faɗa mana dalili ba, iyakarsa cewa ya yi sallama ba a amsa ba. Buga waɗannan ki turo mana abin da suka ce, kwafi za ki yi, ba hoton waya ba:

`uname -r`
`lspci -k | grep -A3 -i nvidia`
`sudo modprobe nvidia`
`dkms status`

Sagir Kawo: Ni na san nouveau ne, ɗayan direban (manhajar da ke tuƙa katin) da ke zuwa tare da Linux. Kullum shi ne. Ki buɗe fayil a /etc/modprobe.d/ ki rubuta `blacklist nouveau`, ki yi `sudo update-initramfs -u`, ki sake kunnawa.

Injiniya Hauwa: Sagir, bari mu ga lspci tukuna. Wanda ya sa direban NVIDIA ta apt, kunshin da kansa yake toshe nouveau tun ranar farko. Da nouveau ne ya riƙe katin, za mu gani a rubuce.

Nafisa T/Wada: Ga su Malam.

`6.8.0-40-generic`

lspci ya nuna katin, a ƙarƙashinsa akwai `Kernel modules: nvidiafb, nouveau` amma babu layin `Kernel driver in use`.

`modprobe: FATAL: Module nvidia not found in directory /lib/modules/6.8.0-40-generic`

dkms status kuma layi ɗaya ne: `nvidia/535.183.01, 6.5.0-45-generic, x86_64: installed`

Abin da ban gane ba, in direban hoto ya lalace, ya aka yi nake ganin komai ras a sikirin?

Injiniya Hauwa: Saboda laftof irin naki katin hoto biyu ne a cikinsa. Na Intel da ke cikin firosesa shi ke haska miki sikirin, direbansa i915 kuma tare da kanel, wato zuciyar Linux, yake zuwa, ba ruwansa da wannan rigimar. Na NVIDIA yana gefe, sai an kira shi don aiki mai nauyi. A laftof da yawa ramin HDMI a jikin na NVIDIA yake, kina iya jona talabijin yanzu ki ga bai kawo ba. Sagir, ka gani ko? Babu wanda ke riƙe da katin, har nouveau ɗin.

Sagir Kawo: To, na ja baya. Amma sau tari shi ne.

Malam Bashir: Madalla, yanzu magana ta fito. Ki duba lambobin nan biyu, ƙanwata. Kanel ɗin da ke aiki yanzu 6.8 ne, modul ɗin da kike da shi kuwa, wato ɓangaren direban da ke shiga cikin kanel, na 6.5 ne. Sabuntawar jiya ce ta kawo miki sabon kanel, don Ubuntu 22.04 da 5.15 ta fito, amma ta kan tebur tana hawa sababbi lokaci-lokaci, 6.2, 6.5, yanzu 6.8.

Direban NVIDIA ba a cikin kanel yake ba. Wani ɓangarensa dole a haɗa shi daidai da kowane kanel, kamar yadda tela ke ɗinki a kan awon mutum ɗaya. A cikin kowane modul akwai wani layi, vermagic, da ke ɗauke da lambar kanel ɗin da aka yi shi dominsa, kina iya gani da `modinfo`. Aikin DKMS shi ne duk sanda sabon kanel ya sauka, ya sake haɗa modul ɗin da kansa. Ba zai iya ba sai kunshin linux-headers na wannan kanel ɗin ya gama zama. Zatona wutar ta ɗauke ne bayan kanel ya zauna, kafin a kai ga wannan matakin.

Sagir Kawo: To ai da sauƙi, ta kwafo nvidia.ko daga foldar 6.5 ta zuba a ta 6.8.

Malam Bashir: Kanel zai duba vermagic ya ƙi, ya ce `Invalid module format` ko `Exec format error`. Akwai hanyar tilasta masa, amma ba zan koya wa kowa ita a nan ba. Modul a cikin kanel yake gudu, in ya yi tuntuɓe da dukan kwamfutar yake faɗuwa.

Nafisa, abu mafi sauri: tsohon kanel ɗinki yana nan. Sake kunnawa, a jerin GRUB, wanda ke fitowa da farko don zaɓar Ubuntu ko Windows, ki shiga `Advanced options for Ubuntu`, ki zaɓi 6.5.0-45. A can komai zai yi aiki kamar shekaranjiya, ki ci gaba da firojet ɗinki, gyaran 6.8 mu yi shi a tsanake.

Bulus Sabon Tasha: Ina gaida manya. Ni dai ina kallo ne daga kan AMD ɗina, amdgpu a cikin kanel yake, ban taɓa sanin wani DKMS ba. Ba banza ba Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya ɗaga wa NVIDIA yatsa a gaban jama'a a jami'ar Aalto ta Finlan a 2012.

Injiniya Hauwa: Oga Bulus, yarinya na neman CUDA kana tallar AMD. Kuma an daɗe da barin 2012. Tun watan Mayun 2022, daga jerin 515, NVIDIA ta buɗe lambobin modul ɗinta na kanel ga katunanta na zubin Turing zuwa sama, har GTX 1650 ɗin nan yana ciki. Ku ma kuna da naku. Kafin Debian 12 ta fito a 2023, duk wanda ya ɗora Debian ta asali a kan katin AMD sai ya nemo firmware-amd-graphics da kansa, in ba haka ba dmesg, wato rahoton kanel, ya cika da `failed with error -2`, modul ya hau amma kati ya ƙi tashi.

Bulus Sabon Tasha: Anti Hauwa a yi haƙuri, tsokana ce.

Nafisa T/Wada: Malam, na shiga 6.5 ɗin. Nan ma bai yi ba. Amma saƙon ya canza:

`modprobe: ERROR: could not insert 'nvidia': Key was rejected by service`

Malam Bashir: Ikon Allah. Wannan kuma wata ce daban. Turo `mokutil --sb-state` da `sudo dmesg | grep -i -E "nvidia|key|module"`.

Nafisa T/Wada: Na farko ya ce `SecureBoot enabled`. A dmesg na ga `Loading of module with unavailable key is rejected`.

Injiniya Hauwa: To matsala biyu ce a kan juna. A 6.8 babu modul ɗin ma sam. A 6.5 akwai shi, kanel ya ɗauko ya duba sa hannun da ke jikinsa, bai san mai shi ba, ya ƙi karɓa. Idan Secure Boot na kunne, injin ba ya tayar da komai sai mai sa hannun da ya yarda da shi. Microsoft ta sa hannu a kan shim, 'yar manhajar da ke fara tashi, shim ya yarda da GRUB da kanel na Canonical, kamfanin Ubuntu, kanel kuma ba zai karɓi modul ba sai da makullin da ke cikin jerinsa. Modul ɗin da DKMS ya haɗa a ɗakinki a Tudun Wada, Canonical ba ta san da shi ba.

Abin da ya ɗaure min kai, ya aka yi yake aiki shekaranjiya? Nafisa, kin taɓa ganin wani shuɗin sikirin mai `MOK management`, inda mai inji ke rajistar makullinsa, lokacin da kika sa direban? Ko wani ya shiga BIOS ɗinki?

Nafisa T/Wada: Ban taɓa ganinsa ba Anti. Kuma ba wanda ya taɓa laftof ɗin, a ɗakina ya kwana.

Malam Bashir: Sabuntawar apt ba ta kunna Secure Boot. Wannan saitin a BIOS yake. Sai dai in wani ƙanenki ya yi wasa da shi.

Kabiru Mai Gyara: Malam, a ba ni dama, duk da an ce ni ɗan fomatin ne. Hajiya, da kika kunna shi yau da safe, kafin GRUB ya fito, bai tsaya a baƙin sikirin ya yi maganar agogo ko kwanan wata ba, ya ce ki danna wani maɓalli?

Nafisa T/Wada: Ƙwarai kuwa! Ya yi. Na danna abin da ya ce ya wuce. Agogon ma ya koma wata tsohuwar shekara, sai da na jona intanet ya gyaru. Na ɗauka saboda ɗauke wutar ne.

Kabiru Mai Gyara: Shi ke nan. Ƙaramin batirin agogo ne ya mutu, wanda muke ce wa batirin CMOS. Kullum ina ganinsa a laftof na hannu. Muddin caja na jone ko babban batir na da rai, ba za ka taɓa sani ba, don su ke riƙe agogon. Ita babban batirin ya mutu, ƙaramin ya mutu, wuta ta ɗauke, babu abin da ya rage. Injina da yawa in sun farka sun ga agogo ya tsaya, sai su mayar da duk saitin BIOS yadda ya fito daga kamfani, kuma daga kamfani Secure Boot a kunne yake. Wanda ya ɗora mata Ubuntu tun farko ya kashe shi, shi ya sa ba ta taɓa ganin shuɗin sikirin ba. Jiya ya kunna kansa.

Ma ta gode Allah. Akwai waɗanda in sun koma saitin kamfani har yanayin faifan ajiya suke sauyawa daga AHCI zuwa RAID, Ubuntu ya nemi faifan ya rasa. Wannan da ko tashi ba zai yi ba.

Malam Bashir: Kabiru, na cire maka hula. Ni a taminal nake neman abin da ke cikin bodi.

Kabiru Mai Gyara: Malam a rubuta a ajiye, yau an yabe ni.

Sagir Kawo: To tunda haka ne ai an gama. Ta shiga BIOS ta kashe Secure Boot, 6.5 ya dawo aiki. Minti biyu. Ni duk kwamfutar da ta shigo hannuna abin da nake fara yi ke nan.

Injiniya Hauwa: Zai yi aiki, ban musa ba. Amma ka ji abin da Kabiru ya ce kuwa? Damina muke ciki. Gobe in hadari ya sake tasowa aka ɗauke wuta, saitin zai sake komawa na kamfani, Secure Boot ya sake kunnuwa. Ka ɗauka hakan ya faru da safiyar ranar gabatarwarta, tana cire caja daga gida zuwa makaranta. Cire cajar ma kaɗai ya isa.

Sagir Kawo: Sai ta sake shiga ta kashe. Ko ta canza batirin.

Injiniya Hauwa: Batirin dole a canza shi ko ta wace hanya aka bi. Amma in ta yi rajistar makullinta sau ɗaya, direban zai hau ko Secure Boot na kunne ko a kashe. Jerin makullan MOK a ma'ajiyar da ba ta buƙatar batir yake zama, galibi komawar saiti ba ta share shi. Sannan Windows na gefe. Wanda ke da BitLocker, mai kulle faifan Windows, yawan kunnawa da kashe Secure Boot na sa ya nemi dogon makullin nan mai lamba 48, kuma mutane nawa ne a nan suka ajiye nasu?

Nafisa T/Wada: Windows ɗin ya buɗe ɗazu bai tambaye ni komai ba.

Injiniya Hauwa: Alhamdu lillahi, da alama ba a kunna miki shi ba.

Sagir Kawo: Ni fa har yanzu ban ga amfanin Secure Boot ga ɗaliba a Kaduna ba. Wa zai zauna ya kitsa mata ɓarnar da ke shiga tun kafin kanel ya tashi? Wahala ce kawai aka ɗora mana.

Malam Bashir: Kana da gaskiya rabi. Yawancin abin da ke cutar mutanenmu ba ta nan yake shigowa ba, ta manhajar da aka fasa aka raba a filash yake shigowa. Ni ma a injin gwajina na ofis a kashe yake. Amma a injin da saitinsa ke komawa da kansa, zaɓin kashewar ba a hannunta yake ba. Hauwa ce ta fi ka hujja yau.

Nafisa, mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Ki tabbata wuta za ta ɗan zauna, ko ki je inda akwai inbata. Daga nan:

`sudo dpkg --configure -a`
`sudo apt -f install`
`sudo apt install linux-headers-6.8.0-40-generic`

Na farkon shi ke ƙarasa abin da wuta ta katse. Ki kuma duba `df -h /boot` kada wurin ya cika, don in ya cika initramfs, fayil ɗin da kanel ke tashi da shi, ba zai rubutu ba. Ana cikin haka wani akwati zai iya fitowa a taminal yana maganar Secure Boot yana neman kalmar sirri. Ki danna Tab ki kai kan Ok. Ki sa mai harafi 8 zuwa 16, mai sauƙi, lambobi ma sun isa, sau ɗaya za ki yi amfani da ita.

Ɗan Rigasa: Salam. A gafarce ni na shigo tsakiyar magana, amma nawa ma kusan haka ne. Tsohuwar kwamfutar tebur ce a shagona na buga takardu, na sayo mata GT 730 a kasuwa. Na sa direba 535, dkms ya ce installed, Secure Boot a kashe, amma modprobe ya ce `could not insert 'nvidia': No such device`. Ko katin jabu ne?

Injiniya Hauwa: Ba lallai ba. `No such device` na nufin modul ya hau, ya leƙa, bai ga katin da ya sani ba, ya sauka. Duba `sudo dmesg | grep NVRM`, direban da kansa yake rubuta jerin da ya dace da katinka. 535 ba ya ɗaukar tsofaffin katunan zubin Kepler, na ƙarshen da ke ɗaukarsu 470 ne. GT 730 kuma suna ɗaya ne a kwali amma iri-iri ne a ciki. Akwai mai GK208, Kepler ke nan, 470 zai yi masa. Akwai mai GF108, Fermi, wanda ya tsaya a 390. `lspci -nn` zai nuna maka wanne ka sayo.

Ɗan Rigasa: GK208B ya rubuta. dmesg ma ya ambaci 470.xx Legacy.

Injiniya Hauwa: Ka yi sa'a. Cire 535 gaba ɗaya kafin ka sa nvidia-driver-470. Amma in buga takardu da Word kawai kake yi, nouveau ma ya ishe ka a wannan katin, ka huta da DKMS.

Sagir Kawo: Ko ya je shafin NVIDIA ya sauke fayil ɗin .run kai tsaye. Ni shi nake amfani da shi, ya fi na apt sabunta.

Malam Bashir: Sagir, yau ka sha alwashin sai mun yi faɗa. Fayil ɗin .run yana aiki, amma apt bai san abin da ya zuba ba. Ranar da aka haɗa biyun a inji ɗaya, modul na wani jeri, laburaren wani jeri, sai ka ga `Failed to initialize NVML: Driver/library version mismatch`. Shi wannan saƙon in bayan sabuntawar apt ce kawai, sake kunnawa ke maganinsa, don tsohon modul ne ke zaune a ƙwaƙwalwa. In kuwa cakuɗar .run da apt ce, sai ka bi da `nvidia-uninstall` ka share kafin a samu lafiya.

Kuma ka tuna lokacin da 6.5 ya sauka a 22.04? An haɗa kanel ɗin da gcc-12, injin kuma gcc-11 yake kira. Masu .run suka yi ta cin karo da `unrecognized command-line option '-ftrivial-auto-var-init=zero'`. Maganin `sudo apt install gcc-12` ne a nuna masa shi, amma sai wanda ya buɗe fayil ɗin rahoto ya karanta zai sani.

Sagir Kawo: Na tuna. Amma ai an gyara.

Malam Bashir: An gyara wannan.

Nafisa T/Wada: Na dawo, na je gidan yayata a Unguwar Rimi, suna da sola. dpkg ya daɗe yana aiki, na ga yana rubuta Building module, fanka na ta ihu. Akwatin ya fito na sa kalmar sirri. Yanzu dkms status layi biyu ne, har da `6.8.0-40-generic, x86_64: installed`. Na sake kunnawa, shuɗin sikirin ya fito, na danna Enter a kan na farko, Ubuntu ya buɗe. Amma har yanzu `Key was rejected by service`, yanzu a 6.8 ɗin ma.

Injiniya Hauwa: Ci gaba ne ai, matsala ɗaya ta tafi. Na farkon a jerin `Continue boot` ne, wato wuce kawai. Kusan kowa shi yake dannawa, don sikirin ɗin ya yi kama da na lalacewa, mutum so yake ya fita. Buƙatar rajistar kuma sau ɗaya take fitowa, in an wuce ta sai an sake nema. Yi haka:

`sudo mokutil --import /var/lib/shim-signed/mok/MOK.der`

Zai nemi sabuwar kalmar sirri sau biyu. Ki sake kunnawa, ki tsaya a gabansa, kada ki tafi ɗebo ruwa, daƙiƙa goma kawai yake jira. Ki danna kowane maɓalli, ki sauka kan `Enroll MOK`, sai `Continue`, sai `Yes`, ki buga kalmar sirrin. Ba za ki ga komai na fitowa ba lokacin da kike bugawa, ko tauraro, haka yake. Daga nan `Reboot`.

Bulus Sabon Tasha: Tambaya ta gaskiya wannan karon. In makullin sirrin yana nan a kan faifan, a foldar da ta ambata, duk wanda ya samu ikon root, wato cikakken iko a kan injin, ai zai iya sa hannu a kan mugun modul da shi. To ina tsaron?

Malam Bashir: Tambaya mai kyau, kuma haka ne. MOK.priv na nan kusa da MOK.der, root kaɗai ke karanta shi, amma wanda ya zama root ya samu. Abin da ya rage na kariya shi ne ba a iya ƙara sabon makulli daga nesa, sai mutum ya zauna gaban injin ya danna a shuɗin sikirin. Masu tsananin kula a wani wuri daban suke ajiye makullin.

Injiniya Hauwa: Shi ya sa ni na fi son hanya ta uku, wadda ba mu ambata ba. Ubuntu na da modul ɗin NVIDIA da aka riga aka shirya wa kowane kanel nasu, da sa hannun Canonical, sunan kunshin irin `linux-modules-nvidia-535-generic-hwe-22.04`. Shi `sudo ubuntu-drivers install` yake fifitawa. Wanda ya buga `apt install nvidia-driver-535` da hannu kuwa yawanci a DKMS yake ƙarewa. Da shi Nafisa take, da kunnuwar Secure Boot ba ta dame ta ba, babu MOK, babu jiran DKMS ya gama haɗi ana fargabar wuta.

Malam Bashir: Na yarda, ga mai kanel ɗin Ubuntu zalla. Wanda ke haɗa nasa kanel ko yake kan Debian, DKMS ne gatansa. Fedora kuma akmods suke bi. Amma kada ta sauya yanzu. A bari ta gabatar tukuna.

Injiniya Hauwa: Haka nake nufi, bayan gabatarwa.

Nafisa T/Wada: Ya yi! nvidia-smi ya kawo teburinsa, ga GTX 1650, ga 535.183.01, PyTorch ya ce True. Allah ya saka da alheri Malam, Anti Hauwa, Oga Kabiru. Sai dai na leƙa dmesg na ga `module license 'NVIDIA' taints kernel`. Wata matsalar ce?

Malam Bashir: A'a. Kanel ne ke rubuta wa kansa cewa an shigo da modul da ba na gidansu ba, don in an kai ƙorafi masu kanel su sani. Duk mai wannan direban yana da layin nan. Ki bar shi.

Abu biyu kafin ranar. Kada ki sake yin upgrade sai kin gabatar. Kuma kada ki yi `apt autoremove` yanzu, a bar 6.5 a wurin. Modul ɗinsa in ya ƙi hawa, `sudo dpkg-reconfigure nvidia-dkms-535` zai sake haɗawa ya sa hannu da makullin da kika yi wa rajista. Firojet ɗin kuma a kwafe shi a wani wuri yau ɗin nan.

Ɗan Rigasa: Nawa ma ya tashi da 470. Na gode Injiniya.

Nafisa T/Wada: Oga Kabiru, batirin agogon fa? Irin na rimot ɗin mota ne in saya a kanti?

Kabiru Mai Gyara: A kwamfutar tebur e, CR2032 ne tsirara, ki ɓalle ki sa wani. A laftof yawanci an naɗe shi da baƙar roba ko rawaya, da 'yar waya biyu ja da baƙa da ƙaramin soket, kuma soket ɗin ba iri ɗaya ba ne. Wasu sababbin ma ba su da shi sam, babban batirin ne ke riƙe agogo, in naki irinsu ne to babban za a canza. Sai an buɗe bayan an gani. Ki turo min lambar samfurin da ke rubuce a ƙasan laftof ɗin ta akwatin sirri, in duba ko ina da irinsa kafin ki biya kuɗin Keke zuwa kasuwa. Ranar Juma'a ba na buɗewa sai bayan masallaci.